Ulun saƙa na kasuwar Sabon Gari: ya dace da shawul?

Ulun roba da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari yana da laushi, baya zuba, kuma yana bin kwarashi mai lamba 4 sumul. Shawul ɗin jariri mai faɗin mita ɗaya yakan ci dunƙule biyar zuwa shida masu giram 100. Ki saye su rana ɗaya, domin launin wani kwalin yakan ɗan saɓa, sai an fito rana layin bambancin ya nuna.

Aibinsa ƙulli a tsakiyar zare. Yanke shi ki sake haɗawa, in ba haka ba zai warware wurin wanki. Dutsen guga kuwa narkar da ulun yake.

In za ki tura wa 'yan'uwa masaƙa samfurin, rubuta lambar kwarashi da yawan sarƙar farko. Hoto kaɗai baya isa.