Daga Dublin: masu ƙwanƙwasa ƙofa biyu-biyu

Yaya, ina gaisuwa, da fatan kina lafiya ke da yara. Kin ce kullum hotunan manyan kantuna nake turo muku, ban taɓa gaya muku yadda marar ko sisi yake ƙarewa a nan Ayilan ba. To ga labari, don na ɗanɗana da kaina.

Kaya kam akwai su, kuma masu kyau. Ba a ɗauke wuta. Sai dai mitar gidan da nake haya ta kati ce, kuɗi na ƙarewa sai duhu, kuma da wutar nake ɗumama ɗaki. A kanti babu zancen "rubuta mini sai ƙarshen wata", sau da yawa ma na'ura ce ke karɓar kuɗin, ba ta san fuskar kowa ba. Hunturun da ya wuce aka rage mini awannin aiki, haya ta lashe albashin, na koma kwana da rigunan sanyi uku a jikina. A gida da tuni maƙwabciya ta lura ban ɗora tukunya ba. A nan wanda muke bango ɗaya da shi ko sunana bai sani ba.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni lambar ƙungiyar St Vincent de Paul, wadda kowa ke kira SVP. Na yi mako ina juya takardar a hannu. Ƙungiyar 'yan Katolika ce, ni kuma Musulma, na ɗauka sai an ce in leƙa coci tukuna. Ga kuma kunya, kin san halina.

Da na kira, bayan 'yan kwanaki sai ga mutum biyu a ƙofa, dattijo da wata mata. Dokarsu ce, ba sa zuwa gidan kowa ɗai-ɗai. Babu mota mai tambari, babu mai ɗaukar hoto, wanda ya gan su zai ce baƙi na yi. Suka zauna, suka nemi ganin takardar haya da ta albashi, suka saurare ni har na gama. Babu wanda ya tambayi addinina, alhali ga sallaya shimfiɗe a gabansu. Suka ba ni takardar sayayya ta kanti, suka taimaka da kuɗin wuta, suka kuma nuna mini wani tallafin gwamnati da ban san ina da haƙƙin nema ba.

Takardar nan ta fi komai burge ni. Ba buhu aka dire mini a bainar jama'a ba. Na shiga kanti kamar kowa, na zaɓi abin da ya halatta gare ni, na biya na fita. Rufin asiri ke nan, kuma ban zaci zan same shi a hannun baƙin ido ba.

Daga baya na bincika su wane ne. Wani ɗalibi ɗan shekara 20, Frédéric Ozanam, shi da abokansa suka kafa ƙungiyar a Paris a 1833. Ta iso Ayilan a 1844, shekara guda kafin babbar yunwar da ta biyo bayan lalacewar dankali. Aikin yana hannun ƙananan rassa ne, yawanci kowace unguwar coci da nata, kuma masu ziyarar ba a biyansu ko yuro ɗaya. Kuɗin kuwa daga tarin da ake yi a ƙofar coci yake fitowa, da gudummawar ƙarshen shekara, da shagunansu na gwanjo masu suna Vincent's, sama da 200 a faɗin tsibirin.

Ba su kaɗai ba ne. A tsakiyar birni akwai cibiyar Capuchin, wani rukunin malaman Katolika, wadda ɗaya daga cikinsu, Brother Kevin Crowley, ya buɗe a 1969, ana ba da karin kumallo da abincin rana kyauta, ba a tambayar kowa dalilin zuwansa. Fafaroma Francis ya ziyarce ta a 2018. Layin wurin kan yi tsawo ƙwarai, kuma ba marasa gida kaɗai ke bin sa ba. Kada dai ki ɗauka an gama da talauci a nan. 'Yan sa-kai suna toshe ɓaraka ne, tsadar haya ta fi ƙarfinsu.

Yanzu aiki ya dawo, alhamdulillahi. Ranar Asabar nakan je shagonsu na unguwarmu in taya su ware kayan da mutane suka kawo. Gwanjon nan ya bambanta da wanda muka sani: ba a dila yake zuwa ba, a rataye yake, kowanne da farashinsa a jiki, kuma ba a ciniki. Ranar farko da na je saye na taya, matar ta yi ta dariya. Akwai takalman yara da ko sau biyu ba a taka ba. Ki turo mini lambar ƙafar autanki kafin Asabar, irin waɗannan ba sa kwana.