Sharhi a kan yawon tarihi na yini ɗaya a Guangzhou

Duk ɗan kasuwar da ke zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin saro kaya, ina ba shi shawara ya ware yini guda ya bi wannan yawon tarihi da wani ƙaramin kamfani ke shirya wa baƙi Musulmi. Na biya, na bi, kuma ban yi da-na-sani ba, ko da yake akwai abubuwan da zan yi ƙorafi a kansu. Kuɗin ya haɗa da mota, tikitin shiga da abincin rana na halal. Ɗan jagoranmu Musulmi ne ɗan ƙabilar Hui, yana jin Larabci sosai, shi ya sa malamin da ke cikinmu ya riƙa fassara wa sauran.

Da masallacin Huaisheng aka fara. Shekara da shekaru ina kai-kawo tsakanin Xiaobei, unguwar da 'yan Afirka suka fi sauka, da kasuwanni ban taɓa leƙa shi ba. Hasumiyarsa zagayayya ce, sumul ba ado, tsayinta kusan mita 36, ba ta yi kama da ginin Sinawa ba ko kaɗan. A da bakin kogi yana kusa da ita, jiragen fatake na hango ta su san sun iso. Yanzu gidaje da tituna sun shiga tsakani. A nan ɗan jagoran ya ba mu labarin cewa a zamanin daular Tang, daga 618 zuwa 907, Larabawa suna kiran garin Khanfu, suna da unguwarsu, har da alƙali Musulmi da sarki ya yarda ya yi musu shari'a ya kuma ja su salla. Ya faɗi mara daɗin ma: wajen shekarar 879 ɗan tawaye Huang Chao ya ci garin, marubuci Abu Zaid al-Sirafi ya ce baƙi dubu 120 aka kashe, Musulmi da Kirista da Yahudawa da Majusawa.

Abin da ya sa na yarda da mutumin nan shi ne yadda ya yi a hubbaren da ake jinginawa ga Sa'ad bin Abi Waƙƙas, Allah ya ƙara masa yarda. Mutanenmu da yawa a masallacin wurin suke Juma'a, kuma ba mai shakkar sahabin ne kwance a ciki. Wani dattijo ya tambaye shi kai tsaye. Ya ce, "Alhaji, wannan shi ne abin da kakanninmu suka gada, muna kuma girmama wurin. Amma malaman tarihin Musulunci sun ce a Aƙiƙ kusa da Madina ya rasu, a Baƙi'a aka binne shi." Da ya so ya faranta mana rai da sai ya ce e kawai, ba wanda zai musa masa. Wannan amsar kaɗai ta cancanci kuɗin da na biya.

Inda na fi daɗewa shi ne gidan tarihin sarkin Nanyue, wata tsohuwar masarauta da garin ya taɓa zama babban birninta. A 1983 ma'aikata na haƙa harsashin gini a kan wani tudu suka ci karo da kabarin sarki Zhao Mo, wanda ya mutu shekara 122 kafin haihuwar Annabi Isa, ɓarayi ba su taɓa shi ba. Ana saukowa da mutum har cikin ramin, ɗakunan dutse ne ƙanana, sai ka ɗan sunkuya. An lulluɓe gawarsa da riga ta ƙananan faifan wani dutse mai daraja, guda 2,291, an ɗinke su da jan zaren alharini tun daga kai har tafin ƙafa, don sun yi imani dutsen na hana ruɓewa. Na matsa kusa da gilashin na ga ƙananan hujojin da aka huda a kusurwar faifan, na rasa da wane irin kayan aiki aka yi su. An binne mutum 15 tare da shi, ciki har da matansa huɗu, abin da ya sa jikina ya yi sanyi. Sai kuma abin da ban zata ba: hauren giwar Afirka, da lubban, da wani akwatin azurfa irin na Farisa. Ashe kayan nahiyarmu sun riga mu zuwa garin da fiye da shekara dubu biyu.

An ƙarasa a unguwar Shisanhang, wadda masu saro tufafi suka sani sarai. Daga 1757 zuwa 1842 nan ne kaɗai aka yarda Turawa su yi ciniki da ƙasar Sin ta teku. Ba a barin su kawo matansu, ba a barin su shiga cikin birni, kuma haramun ne Basine ya koya musu harshe. Babban dillalinsu, Howqua, an ƙiyasta dukiyarsa da dala miliyan 26 a 1834.

Ga ƙorafina. Bayan abinci an kai mu shagon ganyen shayi wanda ba ya cikin tsari, aka zaunar da mu ana ta tallata mana kaya. A fili yake akwai la'ada a ciki. Lokacin da aka ɓata a nan shi ya sa aka yi mana gaggawa a Shisanhang, daga cikin mota aka nuna mana rabin wurin. Sannan ba takarda ko ɗaya da aka ba mu, sunayen Sinawa kuwa ba sa zama a ka daga ji ɗaya. Ni a waya na riƙa rubutawa.

Wanda zai je ya guji Litinin, gidan tarihin a rufe yake. Ya tafi da fasfonsa, ya sa takalmin da zai iya tafiya da shi, kuma tun wajen biyan kuɗi ya gaya musu ba ya son tsayawa a shagon shayi.