Shekara Guda da Cibiyar Lafiya ta Mazaɓarmu

Shekara guda ke nan da aka sanya sunan maiɗakina a rajistar masu cin gajiyar asusun kula da lafiya a matakin farko, a cibiyar lafiya ta mazaɓarmu da ke ƙasar Haɗejiya, kuma a tsawon wannan lokaci na yi zirga-zirga a wurin har na san benci mai gurguwar ƙafa da wanda ake iya zama a kai. Asusun ya samo asali ne daga Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta tanadi a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ƙananan asibitoci. Duk wanda ya tuna cewa shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 za su riƙa ba harkar lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, ya san wannan kaso cikin cokali ne, don haka dole a zaɓi abin da za a fara yi da shi.

Abin da cibiyar ta zaɓa, ta iya shi. Ranar awo ana auna hawan jini, a duba fitsari, a ba mai ciki ƙwayoyin ƙarin jini da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda ake sa ta ta haɗiye a gaban ma'aikaciya, saboda an san da yawa kan kai shi gida su tura ƙarƙashin katifa. A wata na bakwai ungozoma ta lura ƙafafun maiɗakina sun kumbura, ta sake ɗaura mata abin awon jini, sannan ta leƙo waje ta kira ni ta ce, "Malam, jininta ya hau, kada ka bari ta haihu a gida, jijjiga ba ta sallama." Ban biya ko sisi ba a ranar, kuma na tabbata wannan awo na minti biyar shi ne mafi daraja a duk hidimar da aka yi mana. Haka ma yara, ba a ba su maganin zazzaɓi sai an tsaga yatsa an gwada, kuma da damina masu rabon maganin rigakafi suna bi gida-gida domin 'yan ƙasa da shekara 5.

Inda zuciyata ta yi nauyi shi ne lamarin Baffana, wanda ciwon ƙoda ya kwantar, cutar da ake yawan kuka da ita a yankinmu. Da na kai shi, jami'in lafiya ya duba shi cikin ladabi, ya ce, "Baba, wannan ya fi ƙarfinmu, sai babban asibiti," ya rubuta mana takarda. Na fita ina jin haushi, amma da na natsu na yi lissafi, sai na ga kuɗin wankin ƙoda na mutum ɗaya a wata zai iya ɗaukar nauyin awon mata masu yawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ma abin da take ba ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi shawara ke nan: a fara da ayyuka masu araha da ke ceton rayuka da yawa, a shigar da talakawa tun farko, a rage biyan kuɗi daga aljihu. Wannan hujja ba ta rage wa Baffa ciwo ba, sai dai ban iya samun kuskure a cikinta ba. Abin da nake zargi kawai shi ne, da an riƙa bibiyar hawan jininsa shekarun baya, wanda shi ma aiki ne mai araha, da wataƙila ba mu kai nan ba.

Aibin cibiyar na gaske yana fitowa ne da dare. Ungozoma ɗaya ce tak, kuma daren da naƙuda ta tashi sai da na tafi a kan babur na buga mata ƙofa, ta zo ta karɓi haihuwar da hasken tocilan saboda batirin solar ya mutu. Da jini ya ɓalle a wannan dare, babu motar da za ta kai mu gari. Ban ga amfanin a gano haɗari da rana ba idan babu mai tarar sa da tsakar dare, kuma a ganina albashin ungozoma ta biyu da man mota sun fi sabon fentin da aka yi wa katanga muhimmanci. Akwai kuma batun rajista, domin na san zawarawa biyu a unguwarmu da suka fi mu buƙata amma sunansu bai shiga ba, kuma babu wanda ya bayyana wa jama'a ma'aunin da aka bi.

Mai ciki da mai ƙaramin yaro ina ba su shawarar su je, su kuma je da wuri, ranar Talata kafin layi ya yi tsawo. Batun dare kuwa na riga na kai shi gaban kwamitin ci gaban mazaɓa, kuma mai unguwa ya ce za a saka shi a zaman wata mai zuwa.