Kana son zanen 'yan Biyana a falonka? Duba nan kafin ka tura kuɗi

Bayan an gama yaƙin duniya na biyu a 1945 wasu matasa suka haɗu a makarantar zane ta Biyana, babban birnin Ostiriya, ƙarƙashin malaminsu Albert Paris Gütersloh. Biyar ne suka fi shahara: Ernst Fuchs, Arik Brauer, Rudolf Hausner, Wolfgang Hutter da Anton Lehmden. Salonsu shi ne su zana abu tsaf kamar hoton kyamara, jijiyar hannu ma sai ka ganta, amma abin da ke cikin zanen na mafarki ne, mala'iku, fuska cikin fuska, ƙasa na tsagewa. Wani mai sharhi Johann Muschik ne ya raɗa musu sunan Phantastischer Realismus, wato da Jamusanci zanen zahiri mai cike da mafarki. Duk biyar ɗin sun rasu yanzu, Brauer ne na ƙarshe a 2021, ke nan babu sabon aiki, abin da ke kasuwa shi ke nan.

To me za ka saya? Na asali mai fenti kam na masu hannu da shuni ne. Fuchs yana fara shimfiɗa fentin da aka kwaɓa da ƙwai sannan ya bi da fentin mai siriri siriri sau da yawa, shi ya sa kalar ke haske kamar daga ciki take fitowa, kuma aiki ne mai cin lokaci sosai, don haka kuɗinsa dubban yuro ne masu yawa. Irin wannan a gidan gwanjo ake nema, kamar Dorotheum da ke Biyana tun 1707, kuma kar ka manta bayan farashin da aka buga guduma akwai kason gidan gwanjon a kai.

Ni dai shawarata ga mai farawa ita ce bugun hannu. Mai zanen ne da kansa yake karce farantin tagulla ko ya zana a kan dutse, a buga adadi ƙayyadadde, ya sa hannu da fensir a ƙasa. Za ka ga lamba kamar 45/200 a gefen hagu, wato na 45 cikin 200, wani lokaci kuma E.A. wanda ke nufin kwafin da aka ware wa mai zanen. Idan na tagulla ne shafa takardar a hankali, za ka ji shatin farantin ya lotsa kewaye da zanen, idan babu wannan shatin kuma aka ce maka na tagulla ne to a yi hattara. Da yawa ana samunsu a ɗaruruwan yuro. Fosta kuwa injin ɗab'i ne kawai, ba laifi ba ne ka saya don ado amma kar wani ya sayar maka da ita da kuɗin bugun hannu, ka sa gilashin ƙara girma za ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo a jere kamar hoton jarida.

Sai maganar na wa za ka ɗauka, a nan ne mutane ke rikicewa. Fuchs ya fi suna, gidan tarihinsa ma yana nan a unguwar Hütteldorf ta Biyana, tsohon gidan da shahararren mai zanen gine-gine Otto Wagner ya gina, an buɗe shi a 1988, sai dai bugunsa ya yi yawa a kasuwa sosai don haka kar ka saya da tunanin zai ninka kuɗi gobe. Kuma gaskiya akwai tsiraici a ayyukansa da yawa, haka ma na Hutter mai furanni da mata, kafin ka rataya a falon da surukai ke shigowa ka duba hoton da kyau. Hausner kusan fuska ɗaya yake maimaitawa, wani mutum da ya kira Adam wanda a gaskiya shi kansa ne, kallonsa na da nauyi, ba kowa zai iya zama da shi kullum ba. Brauer kala ce kamar kasuwar atamfa, ƙananan mutane birjik da labaran Attaura, shi Bayahude ne da ya tsira daga 'yan Nazi yana yaro a Biyana.

Wanda na fi so shi ne Lehmden. Tsuntsaye, duwatsu, ƙasa mai fashewa da tankokin yaƙi, layinsa siriri ne da ya dace da tagulla, kuma ba ya jawo surutu a gida. Shi ne ya yi babban adon bangon tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Volkstheater da ke Biyana.

Idan za a turo maka, ka ce a aiko ba firem, gilashi na fashewa a hanya ya yanke takarda kuma yana ƙara kuɗin aike. Ka nemi hoton bayan takardar ma, nan ake ganin tabon danshi da tsohon selotef, sannan in ya iso a sa masa firem mai gilashi a rataye nesa da taga don rana na cinye kala.