Hon, bokis ko doguwa: wace lasifika za ku saya wa masallaci?

Duk sanda kwamitin masallaci ya tara kuɗi aka tafi kasuwa, tambayar farko ita ce "malam wat nawa ce?" kuma wallahi daga nan ake fara asarar kuɗin jama'a. In ka ninka wat daga 50 zuwa 100, desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 3 kacal ka ƙara, kunne ma da ƙyar zai lura. Wancan PMPO 2000 da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali kuwa, adadin wat ne na talla, ku manta da shi, RMS za ku duba, wato wat ɗin da lasifika ke iya ɗauka a kai a kai.

Hon dai, mai baki kamar mazurari, ta waje ce, nan babu gardama. A fili duk sanda nisa ya ninka sauti yana raguwa da desibel 6, ita kuma hon tana tattara muryar ta harba ta gefe guda, shi ya sa da ƙaramin amfilifaya ma kiran salla ke kaiwa ƙarshen unguwa. Ba ta da bes, wato kaurin sauti, kuma ladan ba ya buƙatarsa. Amma don Allah kar a rataye ta a ciki, tsawa kawai za ta riƙa yi wa sahun gaba.

Ciki ne ake da aiki. Sauti yana gudun kusan mita 343 a daƙiƙa, ya daki tayil da gilashi da silin ya dawo, in bangon ya kai nisan mita 17 ma sai ka ji amsa-kuwwa daban, liman na aya ta biyu ta farko ba ta gama yawo ba. To ka zo ka ajiye ƙaton bokis mai inci 15 irin na 'yan biki a irin wannan ɗaki. Bes na hatiz 100 (hatiz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti) tsawon zangon igiyar sautinsa ya kai mita 3 da ɗoriya, kafet ba ya iya shanye shi, sai ya yi ta gunji yana haɗiye haruffa. Alhali abin da ke sa ka bambance sin da shin yana can sama ne, hatiz 2000 zuwa gaba. Ka ga ga ƙara nan har ƙirji na rawa amma dattijon da ke sahun baya bai fahimci huɗuba ba, wannan abu yana min ciwo sosai.

Ni doguwar nan siririya nake ba da shawara, wadda aka jera ƙananan lasifikoki a cikinta, tana baza sauti dama da hagu daidai kunnen mutane, kaɗan ne ke zuwa silin. Gara a sa huɗu ko shida a jikin ginshiƙai a rage murya, da a sa manya biyu a ƙure su. Kuma makirifon liman ya kasance bayansu, in ba haka ba kukan nan na ƙiii ba zai bar ku ba.

In wayar za ta yi nisa, har hasumiya ko harabar Juma'a, ku nemi lasifikoki masu layin 100V, wato waɗanda aka yi don doguwar waya, amfilifayan ma ya zama yana da wurin haɗa wannan layi. TOA ta Japan da Ahuja ta Indiya an san su da wannan aiki, sai dai jabu ya yi yawa, a duba da kyau. Kuma a shago kar ku yarda a gwada muku da kiɗa, ku karɓi makirifo ɗayanku ya yi karatu, sauran su ja baya su ji ko haruffa na fita.