Bikin Argungu ko Gidan Kaka?

Da zarar bikin kamun kifi ya matso, sai 'yan'uwa su dame ni da tambaya: a kwashi iyali zuwa Argungu, ko a tafi gaida kaka a ƙauye?

Mu fara da aljihu. A Argungu masauki na tsada lokacin biki, kuma kowane yaro ya ga soyayyen kifi sai ka ji "Baba, saya mini." Gidan kaka kwana kyauta ne, amma tsaraba fa? Goro, sabulu, turmin atamfa ga kowace gwaggo. Ka manta mutum ɗaya, har babbar Sallah ana zancen. Tun a gida ma an fara: maigida ya ce kwana biyu, uwargida ta ɗaure akwati huɗu, yara na rigimar kujerar taga.

Cunkoson bakin kogin Matan Fada, inda ake kamun kifin, ba wasa ba ne, a riƙe hannun ƙanana. Ƙauye kuwa sauro, sai a tafi da gidan sauro.

Argungu na da bikin da ya faro tun 1934, ga gidan tarihi na Kanta. Ƙauye na da zumunci, yaro ya san danginsa.

Masu yara manya, Argungu ta fi dacewa da su. Mai goyo, ko wanda tsohuwa ta daɗe tana cigiyarsa, ya nufi ƙauye.