Sertraline da jirin da ya ƙi tafiya: abin da na gani

Likita ya rubuta mini sertraline ne, wani maganin ciwon damuwa, bayan an auna jinina, an duba kunnena, an kuma tabbatar cewa ba ƙarancin jini ko hawan jini ne ke sa ni jiri ba. Bayaninsa shi ne jiri da rashin barci da ciwon damuwa kowanne yana rura wutar ɗan'uwansa: wanda bai samu barci ba yakan tashi kansa na juyawa, tsoron faɗuwa ya hana shi fita, zaman wuri ɗaya ya ƙara masa ƙunci, ƙuncin kuma ya sake raba idonsa da barci.

Na fara da miligiram 50 a kullum, wanda shi ne ma'aunin da aka saba bai wa manya masu ciwon damuwa. Makonnin farko ba su yi daɗi ba ko kaɗan. Jirin ya ƙaru, har idan na miƙe daga zaune sai na dafa bango kafin in ɗaga ƙafa, ga tashin zuciya, barcin kuma yana yankewa da tsakar dare. A nan ne nake ganin babban aibin maganin, domin illarsa tana riga amfaninsa zuwa, kuma wanda ba a yi wa bayani ba zai iya ajiye shi yana zaton cutar da shi yake yi. Irin waɗannan magunguna sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ji aikinsu sosai.

Da likita ya mayar da shan maganin zuwa safiya, barci ne ya fara daidaita, sannan nauyin da ke ƙirjina ya ragu. Jirin shi ne na ƙarshen sauka, amma ya sauka, har na koma tafiya cikin jama'a ba tare da neman abin dafawa ba.

Ina ganin ya cancanci haƙurin da na yi, da sharaɗin likita yana bibiya, musamman ga 'yan ƙasa da shekara 25, waɗanda tunanin cutar da kai kan iya ƙaruwa gare su a farkon sha. Ana ci gaba da shi aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi, kuma daina shi farat ɗaya yana iya dawo da jiri mai tsanani, shi ya sa likita ke rage shi sannu a hankali.